Yadda Ake Tsara Minuwet na Farko: Ɗaki 16, Murya Biyu

Yawancin masu sha'awar tsara kiɗan kilasik na Turai da babban kaya suke farawa. Ranar farko mutum zai ce simfoni zai rubuta, na makaɗa arba'in, bayan mako biyu kuma ya ajiye fensir da shafi uku marasa ƙarshe. Malaman birnin Biyana, a ƙasar Austriya, na ƙarni na 18 ba haka suke sa ɗalibi a hanya ba. Ƙananan kiɗe-kiɗen da Mozart ya fara tsarawa yana ɗan shekara biyar, a 1761, waɗanda mahaifinsa Leopold ya rubuta masa a littafin yayarsa, akwai minuwet a cikinsu. Da ya girma, wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Attwood ya zo ɗaukar karatu wurinsa a 1785, shi ma minuwet na cikin ayyukan da aka ɗora masa.

Minuwet rawa ce da ta yi tashe a fadar Faransa zamanin Sarki Louis na 14, tafiyarta bugu uku-uku, na farko ya fi nauyi. Daga baya Haydn da Mozart suka mai da ita kashi na uku na simfoni. Amfaninta ga mai koyo shi ne gajarta: irin wadda za mu tsara ba ta kai minti ɗaya ba, amma duk wata matsala ta tsara kiɗa tana cikinta, daga ƙirƙiro kari, zuwa jituwar muryoyi, zuwa sanin inda za a ya da zango da inda za a sauka.

Kayan aiki da harshen aiki

Fiyano mai maɓalli 88 ya fi, amma kibod mai 61 ya wadatar. Sai takarda mai layuka biyar-biyar, fensir mai taushi, magogi, da metronom, na'urar da ke ƙirga saurin bugu, wanda ana samun manhajarsa kyauta a waya. Akwai MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, ita ma kyauta ce, amma a bar ta sai an gama. Kwamfuta tana buga duk abin da aka ba ta, har wanda hannun ɗan Adam ba zai iya ba, saboda haka takan ɓoye wa mai koyo kurakuransa.

Za mu kira sautuka da do, re, mi, fa, so, la, ti. Ka duba tsakiyar kibod inda baƙaƙen maɓallai biyu suke tare. Farin da ke hagunsu shi ne do na tsakiya. Farare shida da ke binsa zuwa dama su ne sauran, na takwas kuma do ne ya sake dawowa da siririyar murya, za mu ce masa do-sama. Ka lura da wurare biyu da babu baƙin maɓalli a tsakani: mi da fa, sai ti da do. Tazararsu rabin taki ce, sauran duk cikakken taki. Wannan ƙaramin abu shi ke tafiyar da kiɗan gaba ɗaya, domin ti yana jingine da do kamar mai neman faɗawa kansa, fa kuma yana jingine da mi. Buga do zuwa ti ka tsaya, za ka ji kunnenka ya ƙi sakewa sai ka ƙarasa.

Do shi ne masauki. Layukan tsaye da ke yanka takarda suna raba ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki bugu uku. Lambar da za ka gani kusa da sauti ita ce yawan bugun da za ka riƙe shi.

Sautuka uku da aka buga tare su ne dunƙule, abin da makaɗa ke kira kod. Uku kawai muke bukata da farko: na do (do, mi, so), na fa (fa, la, do), da na so (so, ti, re). Na do zama ne, na fa tashi ne daga zaman, na so kuwa tsayuwa ce a bakin ƙofa. Kafin ka rubuta komai, ka yi kwana biyu kana buga do, fa, so, do da hannun hagu har kunnenka ya san kowannensu ba tare da ka duba ba.

Tambaya da amsa: ɗaki takwas na farko

A fara da zana ɗakuna 16 babu komai a ciki, huɗu a kowane layi, a kuma rubuta dunƙulen ƙarshen kowane layi tun kafin a nemi kari: ɗaki na 4 dunƙulen so, na 8 na do, na 12 na so, na 16 na do. Wanda ya san zangonsa ba ya ɓata a hanya. Mafi yawan kiɗan masu koyo da ke yawo ba alƙibla, rashin wannan matakin ne ya jawo.

Sai ƙwayar kari. Sauti biyu zuwa huɗu sun isa; sananniyar simfoni ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara bugawa a 1808, a kan sauti huɗu aka gina kashinta na farko. Tamu ƙwayar ita ce dogo da gajere, yana hawa: mi (2), so (1). Ga layin farko na hannun dama:

Ɗaki na 1: mi (2), so (1). Na 2: do-sama (2), ti (1). Na 3: la, so, fa, kowanne bugu ɗaya. Na 4: re (3).

Ka rera shi da baki kafin ka taɓa kibod. Abubuwa uku ne suka sa ya zauna. Na farko, sautin da ya faɗa kan bugu na ɗaya a kowane ɗaki ɗan dunƙulen ɗakin ne: mi da do-sama na dunƙulen do, la na dunƙulen fa, re na dunƙulen so. Sautukan da ba 'yan dunƙulen ba, wato ti a ɗaki na 2 da so a na 3, a bugu mara nauyi suke, kuma wucewa kawai suke yi taki ɗaya tsakanin maƙwabta. Na biyu, bayan tsallen da aka yi daga so zuwa do-sama, karin ya juyo ƙasa taki-taki yana cike gurbin da ya tsallake. Tsalle biyu ko uku a jere duk sama suna sa kari ya gagari maƙogwaro, abin da ya gagari maƙogwaro kuwa da wuya ya zauna a zuciyar mai ji. Na uku, ya tsaya kan re, bai sauka ba. Tambaya ke nan.

Amsa tana farawa da kalmomin tambayar. Ɗaki na 5 da na 6 maimaicin na 1 da na 2 ne ba canji. Na 7: la, fa, re. Na 8: do (3). Masu koyo suna jin nauyin maimaici, suna ganin kamar ƙarancin basira ne, sai su cusa sabon abu a kowane ɗaki. Kuskure ne babba. Mai sauraro sau ɗaya yake jin kiɗa yana wucewa, ba shi da damar komawa baya kamar mai karatu, maimaici ne kaɗai ke ba shi abin riƙewa. Duk wanda ya tashi da jin waƙa da amshi ya riga ya san wannan a jikinsa.

Muryar ƙasa, inda aikin yake

A wannan mataki kada hannun hagu ya buga cikakken dunƙule. Sauti ɗaya ya isa, oktaf ɗaya (wato tazarar do zuwa do na gaba) ƙasa da do na tsakiya, kuma a ɗauke shi a matsayin mawaƙi na biyu mai nasa karin. Ga shi: ɗaki na 1 do, na 2 mi, na 3 fa, na 4 so. Na 5 do, na 6 mi, na 7 fa (2) da so (1), na 8 do.

Me ya sa mi a ɗaki na 2, alhali dunƙulen do ne? Domin da an bar do, muryar ƙasa za ta yi bugu shida a tsaye wuri ɗaya, kuma do ƙasa da do sama ba su da ɗanɗano in sun haɗu a tsakiyar jimla. Mi ɗan dunƙulen ne shi ma, yana ba da tazarar shida da do-sama (farare shida in ka ƙirga daga mi zuwa do), mai daɗin ji, ya kuma share hanya zuwa fa da rabin taki. Ka buga duka biyun ka gwada. Tazarar uku da ta shida su ne abincin yau da kullum tsakanin murya biyu. Ta biyar da ta takwas a ajiye su don farawa da zango.

Yanzu dokar da ta fi kowace kama masu koyo. Johann Joseph Fux ya tsara ta a littafinsa na koyar da haɗa muryoyi da aka buga a Biyana a 1725, wanda Haydn da Mozart da Beethoven duk suka yi karatu da shi: murya biyu ba sa tafiya daga tazarar biyar zuwa wata biyar, ko daga takwas zuwa wata takwas, suna bin hanya ɗaya. A kiɗanmu tarkon yana tsakanin ɗaki na 3 da na 4. Ƙarshen na 3 fa ne a sama, fa a ƙasa. Da karin ya hau so yayin da ƙasa ma ta hau so, an yi takwas biyu a jere. Da kuma an sa do a sama ya tafi re, ƙasa tana tafiya fa zuwa so, an yi biyar biyu a jere. Dalilin hanin a kunne yake. Biyar da takwas suna narkewa cikin juna sosai, har in muryoyi biyu suka yi tafiya a haka sai a ji kamar ɗaya ta ɓace, kiɗan ya rame nan take. Mun kauce ta hanyar saukar da sama zuwa re yayin da ƙasa ke hawa. Wannan shi ne magani mafi sauƙi a ko'ina: in ƙasa ta hau, sama ta sauka.

Hanyar bincike ita ce ka rubuta lambar tazara da fensir tsakanin muryoyin a kowane bugu, kana ƙirga farare daga na ƙasa zuwa na sama, kana zubar da oktaf. Duk inda ka ga 5 na bin 5, ko 8 na bin 8, kuma muryoyin sun motsa, ka gyara ɗaya. Aiki ne na minti goma, kuma har ƙwararru suna yin sa.

In kana son ɗan gishiri a ɗaki na 4, maimakon re (3) ka sa mi (1), re (2). Mi baƙo ne a kan so, ya zo a bugu mai nauyi, sai ya sunkuya ya sauka. Wannan jinkirin sauka yana ko'ina a kiɗan zamanin Mozart.

Fita da dawowa

Ɗaki na 9 zuwa na 12 su ne fita yawo. Ba a kawo sabuwar ƙwaya, tsohuwar ake ɗauka a kai wani wuri. Sama: na 9 re (2), fa (1), na 10 mi (2), so (1), na 11 la, re-sama, do-sama, na 12 ti, so, fa. Ƙasa: na 9 ti da ke ƙarƙashin do, na 10 do (2), mi (1), na 11 baƙin maɓallin da ke dama da fa, wanda ake kira fi, na 12 so.

A nan akwai abin tsayawa a saurara. A ƙarshen ɗaki na 9 fa yana sama, ti yana ƙasa, sautuka biyun nan masu jingina sun haɗu, haɗuwarsu kuma ba ta da kwanciyar hankali ko kaɗan. Sai fa ya sauka mi, ti ya hau do, kowa ya faɗa inda yake jingine. Wannan ɗaurewa da kwancewa ita ce injin kiɗan kilasik. Ɗaki na 11 ya sake yin dabarar amma wajen so: fi yana yi wa so abin da ti ke yi wa do, saboda haka na ɗan lokaci kunne zai ɗauka so ne sabon masauki. Fa na ƙarshen ɗaki na 12 shi ke warware ruɗin, ya jawo mu zuwa mi. Ka kuma lura re-sama, sauti mafi tsayi a kiɗan, sau ɗaya tak ya fito, wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar. Ƙololuwar da aka taɓa sau huɗu ta daina zama ƙololuwa.

Mi (1) da aka saka a ƙasa a ɗaki na 10 ba ado ba ne. Da an bar do har ƙarshen ɗakin aka tafi re maimakon fi a ɗaki na 11, da so a kan do da la a kan re sun ba da biyar biyu a jere.

Ɗaki na 13 zuwa 16 kwafin na 5 zuwa 8 ne. A sa alamar maimaici a ƙarshen na 8 da na 16. Bugu 48 sau biyu 96 ke nan, a metronom 120, wato bugu 120 a minti, daƙiƙa 48.

Kurakurai biyu na hannu suna yawan fitowa in aka fara cika muryoyi. Ɗaya shi ne cunkushe dunƙule can ƙasa: do, mi, so a manne oktaf biyu ƙasa da tsakiya gurnani kawai suke yi, domin sautuka masu kauri suna bukatar fili tsakaninsu. A ƙasa a buɗe, a sama a matse. Ɗayan shi ne rubuta wa hannu ɗaya tazarar da ta wuce oktaf. Yawancin hannaye ba sa kai tazarar goma. Bayan an gama, a rubuta alamun ƙarfi, p don rage ƙara, f don da ƙarfi, a bar takardar ta kwana, washegari a buga a ɗauka a waya a saurara ido rufe. Wurin da hankalinka ya tafi wani waje, nan ne gyara yake.

Idan waƙa ce mafari

Minuwet uku ko huɗu sun isa mutum ya fara neman abin da zai ba shi ƙwaya daga waje, rubutacciyar waƙa kuwa ita ce mafi kusa. Schubert ya ɗora kiɗa kan waƙoƙi fiye da 600 kafin rasuwarsa a 1828 yana da shekara 31. A wadda ya yi a 1814 kan baitocin Goethe, na wata budurwa da ke kaɗi tana begen masoyi, hannun dama na fiyano yana juyawa ba tsayawa kamar abin kaɗin, sai a wurin da ta tuna sumbarsa ya tsaya cik. Darasin shi ne a nemi abu ɗaya mai motsi a cikin waƙar a ba fiyano, a bar wa murya kalmomin.

Karanta waƙar da ƙarfi sau biyar kafin komai. Ka ja layi inda numfashi ya yanke, nan ne zangonka. Ka zagaye kalma ɗaya da baitin ya dogara a kanta, ita za ta samu sauti mafi tsayi ko mafi daɗewa.

Wanda zai yi da waƙar Hausa yana da sauƙi ɗaya da wahala ɗaya. Sauƙin shi ne ma'aunin waƙarmu a kan nauyin gaɓa yake, gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, wannan kuwa tsawon sauti ne kai tsaye: mai nauyi bugu biyu, mai sauƙi bugu ɗaya. Kalmar damina, gaɓarta ta farko mai nauyi ce, ta biyu mai sauƙi, ta uku mai nauyi, saboda haka tana zama daidai kan mi (2), so (1), do-sama (2) na farkon minuwet ɗinmu. Wahalar ita ce karin sauti, wanda Jamusanci ba shi da shi. Wuya na jiki daga sama yake saukowa ƙasa, wuya ta wahala daga ƙasa take hawa. In karin kiɗa ya hau a inda kalma ke sauka, an canja ma'ana ko an mai da ita baƙuwa a kunne. Saboda haka a rubuta alamar sama da ƙasa a kan kowace gaɓa tukuna, a bar kari ya bi ta, musamman a cikin kalma ɗaya. Tsakanin kalma da kalma akwai ɗan sarari. Damina daga ƙasa take farawa ta hau, shi ya sa hawan mi zuwa so ya karɓe ta.

Idan zane ne

Mussorgsky ya tsara jerin kiɗan fiyano a 1874 bayan ya ziyarci nunin zane-zanen abokinsa Viktor Hartmann, wanda ya rasu a 1873, har ya sa wani kari da ke dawowa tsakanin zane da zane, wato takun mai kallo yana zagaya ɗakin. Rachmaninoff kuma a 1909 ya yi kiɗa kan zanen Arnold Böcklin na kwalekwale da ke nufar wani tsibiri mai duwatsu. Bugu biyar-biyar ya zaɓa, uku da biyu ko biyu da uku, rashin daidaiton nan yana ba da jan filafili da sakinsa. Motsin da ke ɓoye cikin zanen ya kama, ba launinsa ba.

Ka zauna gaban zane minti goma da agogo, ba ka rubuta komai. Sannan ka amsa tambayoyi huɗu: ina ido ya fara sauka, daga ina haske yake zuwa, wace siffa ce ta maimaitu, kuma me zai motsa da zanen zai motsa. Amsar ta ƙarshe ita ce bugunka da saurinka. Siffar da ta maimaitu ita ce ƙwaya. Inda ido ya fara sauka shi ne ƙololuwa, sai dai a kiɗa jinkirta ta ake yi, domin zane yana ba da kansa gaba ɗaya lokaci guda, kiɗa kuwa sai an bi shi.

Don gwada duhu da haske ba sai ka tsara sabon abu ba. Ɗauki ɗaki takwas na farko na minuwet ɗin, ka saukar da kowane mi da kowane la rabin taki zuwa baƙin maɓallin da ke hagunsu, a sama da ƙasa duka, ka rage metronom zuwa 72. Za ka ci karo da matsala ɗaya a ɗaki na 2 da na 6: daga ti zuwa la da aka saukar tazarar ta zama taki ɗaya da rabi, tana yin tuntuɓe a wannan salon. Ka saukar da ti ɗin nan shi ma rabin taki, tunda sauka yake yi. Amma duk inda ka cika dunƙulen so, kamar a ɗaki na 4 da bugu na uku na ɗaki na 7, ka bar ti a farin maɓallinsa, domin shi ne zai ja kunne zuwa do.